Rediyon Iyayenmu, Kafin 'Yan Gwangwan Su Gama Kwashewa



Kwanakin baya aka kira mu rabon gadon wani dattijo a nan unguwa, Allah ya jiƙansa. An ƙiyasta gida, an ƙiyasta shago, an lissafa bashin da yake bi da wanda ake binsa, har tufafi da darduma an kasa. Da aka zo kan wani akwatin rediyo na katako da ke saman kabad, sai babban ɗansa ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai a bar wa 'yan gwangwan, ba ya cikin lissafi." Muka ce a'a, duk abin da mamaci ya bari yana cikin lissafi, ko da allura ce. Aka sauko da shi aka hure ƙura. Pye ne ɗan Ingila, mai gilashi a gaba da lambobi jere. A kan gilashin nan, daidai inda aka rubuta mita 49, marigayi ya sa ƙusa ya yi ɗan zane. Samarin gidan ba wanda ya san ma'anar zanen. Mu da muka manyanta mun sani: nan ne ake kama Kaduna.

Magada suka yi masa kuɗi, muka biya, aka zuba a cikin gado, muka tafi da shi shago. Tun ranar abin yake damunmu, domin mun san akwatuna irin wannan da yawa sun riga sun tafi a baro, an fasa su an zare jan ƙarfen ciki an auna a sikeli. Kuma masu fasawar 'ya'yanmu ne, neman halak ɗinsu suke yi, ba mu ga laifinsu ba. Laifin namu ne da ba mu taɓa zaunar da su mun gaya musu abin da akwatunan nan suka yi wa iyayenmu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta.

Yadda labari ke zuwa Sabo kafin rediyo

An kafa Sabon Badun a 1916, amma tun kafin nan Hausawa suna zaune a cikin gari suna cinikin goro da shanu. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, zuwa 1912 kuwa layin dogo ya haɗe da Kano. A wancan zamani labarin gida a bakin baƙo yake. In jirgi ya sauka, ko masu koro shanu sun iso, sai a taru a zauren maigida a tambayi damina, a tambayi farashi, a tambayi wa ya rasu wa aka naɗa. Mutum zai iya yin wata guda mahaifiyarsa tana kabari bai sani ba. Wasiƙa da ajami ake rubuta ta, a ba amintacce ya kai, a jira ya komo.

Rediyo ya shigo ƙasar nan ne ta waya. BBC ta fara watsa shiri zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a Disamba 1932. A 1935 gwamnatin Turawa ta buɗe wata tasha a Ikko wadda ke kama wannan shiri, sannan ta rarraba shi gida-gida ta waya zuwa wani ƙaramin akwati mai lasifika da ake rataye wa a bango, ana biyan kuɗin haya. Irin wannan ya iso Badun a 1939, ya isa Kano a 1944. Akwatin ba shi da allurar neman tasha, abin da aka aiko maka shi za ka ji, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Maƙwabtanmu Yarabawa suka raɗa wa rediyo suna asoromagbesi, wato mai magana ba ya jiran amsa. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta gwamnati, a 1957 ta zama NBC. Sai dai ga Bahaushen da ke zaune a Badun, yawancin abin da ke fitowa daga akwatin bango Turanci ne da Yarabanci. Abin da ya kawo masa harshensa har ɗaka shi ne gajeren zango.

Waɗanda suka gano amfanin gajeren zango

Wannan gajeren zango da muka tashi muna jin ana ambata, "a kan mita 49, da mita 41, da mita 19", yana da nasa tarihi, kuma mutanen da suka fito da darajarsa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. A Disamba 1901, shekarar da jirgi ya iso Badun, wani Ba'italiye mai suna Markoni ya aika sigina ba tare da waya ba daga gaɓar Ingila, aka kama ta a ɗaya gefen tekun Atilantika. Daga nan samari a Amurka da Turai suka shiga harhaɗa na'urorin aikawa da kamawa a ɗakunansu, don sha'awa kawai, suna magana da juna da ƙwanƙwasa irin ta tangarahu. Da suka yi yawa har suna shiga layin jiragen ruwa, sai Amurka ta yi doka a 1912, shekarar da jirgin Taitanik ya nutse, ta kora su zuwa zangon da bai wuce mita 200 ba. Masana na lokacin sun ɗauka wannan yanki ba ya tafiya nesa, kamar dai a ba mutum fili a kan fako a ce ya je ya noma.

Ashe fakon nan shi ne fadama. A Nuwamba 1923 wani ɗan sha'awar rediyo a garin Nis na Faransa ya yi magana da takwarorinsa a Amurka, ya aika suka amsa, a kan zango na wajen mita 100, da na'urar da ba ta kai ta kamfanoni ƙarfi ba ko kusa. Dalili shi ne, can sama da kilomita 100 a sararin samaniya akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. Gajeren zango in ya tashi sai ya bugi wannan rufi ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, wani lokaci ya sake tashi ya sake dawowa. Shi ya sa rediyon kakanka ke jin Landan alhali ba ya jin ƙaramar tashar da ke Abekuta. Shi ya sa kuma tasha ke sauya wuri tsakanin rana da dare: da rana a neme ta wajen mita 16 ko 19, da dare a koma mita 41 ko 49, domin rufin yana canzawa in rana ta faɗi. Iyayenmu ba su karanta wannan a makaranta ba, amma yatsunsu sun san shi sarai.

Har yau waɗannan 'yan sha'awa suna nan a duniya. Kowannensu sai ya ci jarrabawa hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, kuma farkon lambar ke nuna ƙasarsa: na Najeriya da 5N yake farawa, na Nijar 5U, na Gana 9G. Nasu rediyon yana magana kuma yana karɓar amsa, saɓanin sunan da Yarabawa suka raɗa.

Muryar gida ta iso kurmi

Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shiri da Hausa, na minti 15, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna. A 1963 Jamus ta fara nata shirin Hausa, Sin ma a wannan shekara. Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Faransa kuwa sai 2007. Don muryar ta iso Afirka ta Yamma da ƙarfi, BBC ta kafa tashar ƙarin ƙarfi a tsibirin Asenshon, can tsakiyar teku, a 1966.

Amma a zuciyar mutumin Sabo, Kaduna ce uwa. A nan yake jin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. A nan ake jin Samanja da Duniya Budurwar Wawa da Jakar Magori. A nan ake aika gaisuwa a Zaɓi Sonka, mutum ya sayi kati ya rubuta sunayen 'yan'uwansa na ƙauye, ya yi mako yana kasa kunne, ranar da aka karanta kuwa har kara sai an taya shi murna. In azumi ya zo a nan ake jin tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauci, kowa da wanda yake bi, muhawara ta kaure a teburin mai shayi har sahur. Daren 29 ga wata kuma liman kansa yana zaune kusa da rediyo yana jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi, yara na tsaye a ƙofa suna jiran a ce an ga wata su kwasa da gudu.

Akwatunan farko, irin su Pye da Bush da Philips da Grundig, da ƙwayayen gilashi suke aiki, waɗanda masu gyara ke kira bawul. In an kunna sai an jira sun yi ja sun ɗau zafi kafin murya ta fito. Suna da tsada, suna da nauyi, kuma yawancinsu sai da wutar lantarki, don haka a zauren masu gida ake samunsu, manyan dillalan goro da na shanu. Wanda ya mallaki rediyo ya mallaki majalisa. Abin da ya sauko da rediyo hannun talaka shi ne taransista, wani ɗan ƙanƙanin abu da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, wanda ke yin aikin bawul ba zafi ba cin wuta. Kamfanonin Japan suka rungume shi, sai ga National da Sony da Sanyo da Sharp sun cika kasuwar Dugbe, masu aiki da batir. Maigadi ya samu abokin hira, mai koro shanu ya rataya a kafaɗa, mai shayi ya ɗora kusa da gwangwanin madara. Aka riƙa ɗinka wa rediyo riga ta fata ko ta yadi. Alhaji in ya dawo daga Makka ba a ganin tsarabarsa ta cika sai da rediyo mai kaset. Daga baya ƙananan na Sin irin su Kchibo suka zo, suka fi arha, sai dai ba su da ƙarkon na da.

Ranakun da rediyo ya zama abin tsira

Wanda ke zaune a garin da ba na kakansa ba ya fi kowa bukatar sahihin labari, domin jita-jita kan iya sa shi ya bar dukiyar shekara talatin ya gudu, ko kuma ya zauna a lokacin da ya kamata ya kauce. Iyayenmu sun ba mu labarin 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Firimiya Akintola a nan Badun, aka tafi da Tafawa Ɓalewa a Ikko. Sun ce a zaure aka wuni, ana murɗawa daga Kaduna zuwa Ikko zuwa Landan, ana gwada maganar wannan da ta wancan. Haka aka yi ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala.

Wadda muka gani da idonmu ita ce ta 22 ga Afrilu 1990, ranar Lahadi, a goman ƙarshe na azumi. Muna samari a lokacin. Da safe Manjo Gideon Orkar ya yi jawabi ta rediyon Ikko ya ce sun kifar da gwamnatin Babangida, ya kuma ce an cire jihohin Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauci daga Najeriya, 'yan asalin jihohin nan su koma gida. To ka ga wannan magana da mu ake. Yawancinmu a nan aka haife mu, a nan aka binne cibiyarmu, wasu ba su taɓa taka garin da ake cewa su koma ba. Mata suka fara ƙulle kaya. Muna tune da yadda mahaifinmu ya zauna a kan buzu da National ɗinsa a cinya, ya hana kowa fita, ya ce ba inda za a je sai an ji abin da sauran tashoshi za su ce. Kafin a sha ruwa aka ji sanarwar cewa yunƙurin ya ci tura. Aka kwance kaya. Da a ce rediyo mai jini aka bi a ranar, Allah kaɗai ya san yawan waɗanda za su kama hanya da azumi a bakinsu.

Yau waya ta karɓe wannan aiki, tashoshin FM sun yawaita, kuma ba mu ce ci gaba laifi ne ba. Amma gidajen rediyon duniya suna ta rage gajeren zango. Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, kuma a Maris 2025 masu sauraron Muryar Amurka suka wayi gari suka ji shiru. Waya kuma sai da data da sabis, kuma duk wanda ya ga dama yana iya rubuta ƙarya ya tura wa mutum dubu kafin a idar da sallah.

Yadda wasu ke riƙon nasu

A Amurka da Ingila da Jamus da Japan, 'yan sha'awar rediyo sun mai da tara tsofaffin na'urori da gyara su wata sana'a mai zaman kanta. Suna neman na kamfanonin Collins da Hallicrafters da Hammarlund na Amurka, da Eddystone na Ingila, da Heathkit wanda a warwatse ake sayar da shi mutum ya haɗa da hannunsa a gida. Akwai wata na'urar kamawa ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, AR-88 ta kamfanin RCA, nauyinta ya kai kilo 45, kusan buhun siminti, har suna yi wa ire-irenta laƙabi da anka ta jirgin ruwa. Kusan duk shekara tun 1952 suna taruwa a yankin Deton na jihar Ohayo, a baje tsofaffin kaya kamar kasuwar gwanjo, wannan ya nemi bawul, wancan ya nemi takardar zanen cikin na'ura. Abin da muke aunawa a sikeli, su a kan kanta suke ɗora shi da sunan mai shi na farko a rubuce.

Akwai wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, da ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum a kan Sabo aka buga a 1969. Baƙo ya zo daga nesa ya ga muna da tarihin da ya isa a rubuta. Bai kamata mu 'yan gida mu sayar da shaidunsa da kilo ba.

In kana da irin wannan akwati a gida

Mun kai Pye ɗin nan wajen wani tsohon mai gyara, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage da suka san bawul, kuma ga abin da muka koya a bencinsa.

Na farko, kada ka jona shi da wuta don ka gwada. A cikinsa akwai wasu ƙananan abubuwa masu ajiye wuta da ake kira kwandansa. Tsofaffin, na takarda da kakin zuma da kuma masu ruwa a ciki, lalacewa suke yi in sun daɗe a ajiye, kuma in wuta ta shiga farat ɗaya suna iya fashewa ko su ƙona tiransifoma, wadda ita ce mafi wuyar samu. Mai gyara yakan canza su tukuna, sannan ya bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare kafin ta shiga rediyon. In ƙwan ya haska sosai ya ƙi lafawa, akwai matsala a ciki, sai a kashe.

Na biyu, kada yaro ya buɗe bayansa. Rediyon bawul yana aiki da wuta mai ƙarfin da ya kai bolt 250 ko fiye, kuma kwandansa na riƙe wutar ko bayan an zare soket. Na'urar aikawa kuwa ta fi haka haɗari nesa. In ka ci karo da irinta a cikin kayan gwanjo, ajiye ta ba laifi, amma yin magana da ita sai da lasisin gwamnati.

Na uku, in mai batir ne, cire batiran yau ɗin nan. Tsohon batir yoyo yake yi ya cinye ƙarfen da yake zaune a kai. Sau da yawa rediyon da aka ce ya mutu, wannan ne kawai ciwonsa, ko zaren da ke jan allura ne ya tsinke, ko datti ya toshe maɓallin murya.

Na huɗu, ɗaga shi daga ƙasa. Damshin Badun da gara da kyankyaso da ɓera su ne maƙiyansa. Kada a kankare katakon, kada a yi masa fenti, kada a goge gilashin lambobi ta ciki da ruwa, rubutun zai tafi.

Na biyar, wanda muka fi ba muhimmanci: ɗauki takarda ka rubuta sunan mai shi, garinsu na asali, sana'arsa, inda ya saya da shekarar in an tuna, da abin da aka taɓa ji a cikinsa. Tambayi tsohuwar gidan tun tana da rai. Ka ninke takardar ka sa a bayan akwatin.

Muna roƙon shugabannin unguwa su duba ko za a samu ɗaki ɗaya, ko da kanta biyu ce, da za a riƙa ajiye waɗanda magada ba sa so, yaran Islamiyya su zo su gani a ba su labari. Muna roƙon 'ya'yanmu 'yan gwangwan, in irin wannan ya faɗo hannunku, ku tsaya ku nuna mana kafin ku sa guduma, za a biya ku fiye da kuɗin sikeli in Allah ya yarda. Masu gyaran waya kuma da ke cike da bakin titi, a samu ko biyu daga cikinku su riƙa zama wajen tsofaffin masu gyaran nan, domin idonsu ya fara rauni, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba.

Shi dai Pye ɗin, bayan mako uku ya yi magana. An canza masa kwandansa, an ɗaura sabon zare, an ja doguwar waya daga taga zuwa bishiya a matsayin eriya. Bayan isha'i muka kunna, muka jira bawul suka yi ja, muka kai allura kan zanen ƙusar nan. A daren dai ba mu ji komai a wurin ba sai shuuu. Da muka matsa gaba kaɗan sai ga wata tasha tana karanta labarai da Hausa, muryar na tashi tana sauka kamar yadda muka saba ji muna yara. Muka aika aka kira ɗan marigayi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe bai ce komai ba, can ya tambaya ko za mu sayar masa. Muka ce ya kawo abin da muka biya da kuɗin gyara, da sharaɗin ya rubuta takardar da muka faɗa ya sa a ciki. Ya ce gobe zai je ya tambayi Hajiya shekarar da aka saya.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya zaunar da unguwarmu lafiya. Wanda ke da tsohon rediyo a gida, ya same mu a shago bayan la'asar.